IYA RUWA FID DA KAI: Yadda A Ke Horad Da Manya Wajen Iyo

Garin Rabah yana bisa gaɓar Gulbin Sakkwato, kamar mil 20 gabas da birnin Sakkwato. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, kuma a nan ya riƙe hakimci tun daga 1934. Baƙon da ya zo garin da rani zai tarad da gulbin ya janye, rairayi ya fito fari fat, har yara suna wasa a inda jirgi ya kan bi. Amma in ya komo cikin watan Agusta ko Satumba ba zai shaida wurin ba, gama ruwa ya cika ya batse, ya yi ja, yana tafe da itace da yayi. Haka Gulbin Rima ya ke a wajen Wurno da Goronyo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, cikowar gulaben nan biyu ba ta tsaya ga ruwan sama kaɗai ba. In an buɗe ƙofofin madatsa, ruwa ya kan ƙaru ko da babu ko ɗigon hadari a sama.

Mutanen ƙasar nan kuwa ba su da makawa sai sun ƙetare. Gonar shinkafa tana wancan hayi, albasa da tafarnuwa suna jiran kasuwa, ga biki, ga jana'iza. Ran Lahadi, 17 ga Agusta, 2025, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, aka yi kwanaki ana neman waɗanda suka ɓace. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana lodi fiye da kima, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, watau rigar nan mai hana nutsewa. Wannan shi ne maganin farko, babu abin da ya ke maye gurbinsa. Amma in ƙaddara ta riga fata, jirgi ya juye, abin da ya rage wa mutum shi ne numfashinsa da hannuwansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021, kuma in aka gwada da yawan jama'a, ƙasashen Afirka su ne abin ya fi yi wa ɓarna. Sau da yawa in an tashi maganar koyon iyo, yara a ke nufi. Wannan takarda ta manya ce, daga mai shekara 25 har zuwa dattijo mai furfura, gama su ne su ke cika jirgi ran kasuwa, su ne kuma su kan faɗa ruwa in yaro ya zame.

MANYA IRI UKU NE

Akwai wanda bai taɓa iya ruwa ba, yana tsoronsa, yana kuma jin kunyar a sani. Akwai masunci ko mai fito wanda ruwa ne gonarsa, ya iya ƙwarai, sai dai shekaru sun fara taɓa shi. Na uku shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi shiga hatsari: mutumin da ya yi wasan gulbi yana yaro, ya yi nutso, ya yi tsere da tsaransa, sa'an nan ya girma ya kama noma ko ciniki, ya shekara 20 bai shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. In aka tambaye shi, sai ya ce ya iya ruwa. Gaskiya ya faɗa, hannu bai manta ba. Amma huhu da zuciya da kafaɗa ba su ne na da ba, kuma ba zai sani ba sai ran da ya yi yadi 30 cikin gulbi da riga a jikinsa, ya ji ƙirjinsa ya toshe. An sha ganin ruwa ya ci gwani ta wannan hanya. Abin da mutane su kan ɗora wa 'yan ruwa, sau da yawa gajiya ce da firgita da ɗaurewar jijiya.

Saboda haka iyo, ko ninƙaya kamar yadda waɗansu su ke cewa, kamar karatu ne: in ba a tilawa, sai ya zube. Tilawar babba kuwa dabam ta ke da ta yaro.

ABIN DA AKA GANO A WAƊANSU ƘASASHE

A Amurka wani likitan sojan ruwa mai suna Ransom Arthur ya lura mutane su kan bar iyo da zarar sun gama makaranta, daga nan jiki ya mutu. Sai ya yi ta kira a shirya wa manya nasu horo da tasu gasa. Cikin watan Mayu na 1970 aka yi gasar farko a garin Amarillo na jihar Texas, waɗanda suka shiga ba su kai 50 ba. A Turance a kan kira irin waɗannan masu iyo Masters. Abin ya yaɗu, har aka yi gasar duniya ta farko a birnin Tokyo na Japan a 1986. Bisa ga dokar ƙungiyar iyo ta duniya, a kan shiga tun daga shekara 25, a kan kuma kasa mutane shekara biyar biyar, watau daga 25 zuwa 29, daga 30 zuwa 34, haka haka har sama da 90, domin kowa ya kara da sa'ansa.

Mutum biyu sun isa misali. James Counsilman, malamin iyo na Jami'ar Indiyana, ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a 1979, yana da shekara 58, ya yi sa'a 13 da 'yan mintoci cikin ruwa, faɗin wurin kuwa ya kai mil 21. Wata mata Bajapaniya, Mieko Nagaoka, ba ta fara iyo ba sai da ta kai shekara 80, don ciwon gwiwa ne ma ta shiga. A 2015, tana da shekara 100, ta yi mita 1,500 tana rigingine, cikin sa'a ɗaya da kwata da 'yan daƙiƙoƙi. Ba a kawo labarinsu don wani ya kwaikwaye su a Gulbin Rima ba. An kawo ne domin mai cewa ya tsufa da koyo ya sake shawara.

Su can suna da tafkunan siminti masu tsabta, da agogo a bango, da malamai masu albashi. Ƙauyukan Rabah ba su da waɗannan. Amma dabarun da suka gano ba na siminti ba ne, na jikin ɗan Adam ne, ana kuwa iya ɗauko su a kawo bakin gulbi.

JIKIN BABBA

Daga shekara 30 tsokar jiki ta kan fara raguwa kaɗan kaɗan, in ba a motsa ta. Iyakar saurin bugun zuciya shi ma ya kan ragu, kamar bugu ɗaya kowace shekara. Akwai lissafin da a kan yi na kintace: a ɗebe shekarun mutum daga 220. Mai shekara 40 ke nan iyakarsa wajen 180 a minti, mai 60 kuwa wajen 160. Gaɓoɓi su kan ƙage, tun ba kafaɗa ba, ita ce ta fi damun manyan masu iyo ko'ina a duniya. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne hutu. Saurayi ya kan gaji yau, gobe ya tashi garau. Dattijo in ya matsa wa kansa, ya kan kwana biyu kafin jiki ya komo.

Duk da haka ruwa abokin babba ne. Wanda ya shiga har wuya, ƙafafunsa ba su ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, don haka mai ciwon gwiwa ko baya wanda gudu ya gagare shi yana iya motsa jiki cikin ruwa ba wahala. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari, kada su fara sai sun ga likita ko malamin asibiti. Mai farfaɗiya kuwa ba ya shiga ruwa sam sai da iznin likita, da kuma mutum tsaye kusa da shi wanda hannunsa zai kai gare shi. Wanda ya sha wani abu mai gusad da hankali, ko ƙwaya ko waninta, ba shi da wuri a wajen horo.

ZAƁEN WURI

A nemi wuri mai rairayi a ƙasa, marar laka, inda ruwa ya ke tafiya a hankali, zurfinsa bai wuce ƙirjin babba ba. Sarkin ruwa da tsofaffin masunta su ne za su nuna shi, gama su suka san inda gurbi ya ke da inda kututture ya nutse. Ko an san wurin, a riƙa bin sa da doguwar sanda kowace safiya, domin gulbi ya kan sake kwanciya, inda ya ke tudu bana, baɗi rami ne. A nisanci ƙofofin madatsa da manyan hanyoyin ruwa na noman rani masu gefen siminti. Suna da santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa.

A kafa turaku biyu, tsakaninsu mita 25, watau kamar taku 30 na namiji, a ɗaura igiya, a jera jarkoki marufe a jikinta domin ta taso. Igiyar ta bi tsawon gaɓa, kada ta nufi tsakiyar gulbi. Tsakanin igiya da gaɓa shi ne filin karatu, ba mai wuce shi. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya ke cin yara da yawa, shinge irin wannan su kan yi da itacen gora cikin kududdufai, su koyad da iyo a ciki, abin kuwa ya yi amfani ƙwarai.

Akwai magana ɗaya wadda ba ta da daɗi, amma ɓoye ta ha'inci ne. Tsargiya, watau fitsarin jini, tana nan a ƙasashen fadama da bakin madatsu. Tsutsarta tana girma cikin ƙananan dodon koɗi masu zama a ruwa kwantacce mai ciyawa, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, ta fi kuwa fitowa da tsakar rana. Babu ruwan gulbi ko tafki da za a rantse ba ta cikinsa. Abin da a ke iyawa shi ne a rage: a guje wa kududdufi da bakin ciyawa, a yi horo da sassafe, kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai ƙwayar magani mai suna praziquantel wadda ta ke kashe tsutsar. Ya kamata duk ƙungiyar masu iyo ta shirya da asibitin yankinta a riƙa duba mutanenta.

NUMFASHI KAFIN KOME

Kuskuren da malamai su kan yi shi ne su fara da hannu da ƙafa. Babba ba rashin ƙarfi ya ke damunsa ba, tsoro ne. Yaro a kan ce masa faɗa, ya faɗa. Babba sai an gaya masa dalili, sai kuma ya gwada da kansa ya ga gaskiya.

Darasin farko a ruwa iya ƙugu a ke yinsa. Mai koyo ya riƙe igiya, ya ja numfashi ta baki, ya sa fuskarsa cikin ruwa, ya fitad da iska a hankali ta hanci da baki har ya ga kumfa, ya ɗago, ya sake ja. Sau 10, ya huta, ya sake. Wannan abu da ya ke kamar wasan yara shi ne tushen iyo duka. Yawancin masu haki bayan 'yan yaduna kaɗan, riƙe numfashi su ke yi. In sun ɗago kai, sai su so su fitad da tsohuwar iska su ja sabuwa cikin ƙiftawa ɗaya, lokaci kuwa ba ya isa. Waɗansu manya su kan yi mako biyu a wannan darasi kaɗai. Kada a gaggauta su.

Na biyu shi ne kwanciya rigingine a bisa ruwa. Mutum ya cika huhunsa, ya kwantad da kai baya har kunnuwa su shiga ruwa, ya dubi sama, ya buɗe hannuwa, ya tura ciki sama. Malami ya tallafe ƙeyarsa da tafin hannu, ya riƙa janyewa kaɗan kaɗan, amma kada ya saki ba da sanarwa ba, gama babban da aka yaudara sau ɗaya ba ya sake yarda. Jikuna sun bambanta. Mai ƙiba ya kan taso kamar gora. Manomi siriri mai tsoka, ƙafafunsa su kan nutse, sai ya riƙa motsa su a hankali yana kaɗa tafin hannu a gefensa. Wannan ba kasawa ba ce, halitta ce. Duk wanda ya iya wannan kwanciya ya sami wurin hutawa a tsakiyar gulbi, shi ya sa ta fi kowane salon iyo daraja ga mai shiga jirgin kasuwa.

Sai bayan waɗannan a ke koyon tafiya. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, saboda haka wanda ya miƙe jikinsa sambal kamar kwalekwale ya fi mai ƙarfin da ya ke jan ƙafafu a ƙasa sauri. In kai ya ɗago, ƙugu ya nutse, haka abin ya ke kullum. Iyon kare da yaran gulbi su ka saba da shi, kai a sama, hannu yana tonon ruwa, yana fid da mutum daga ƙaramin rafi, amma yana cin ƙarfi ainun. Ga babba an fi son iyon kwaɗo, da iyon gefe, da na rigingine, domin suna da wurin hutawa a tsakanin bugu da bugu, ba su kuwa wahalad da kafaɗa. Iyon jifa da hannu gaba, wanda a ke gani a wajen gasa, ya fi sauri, masu sauran ƙuruciya su koye shi. Goran masunta ko jarka ya isa abin riƙewa sa'ad da a ke koyon bugun ƙafa kaɗai.

YI KAƊAN, HUTA, SAKE YI

Ga wanda ya riga ya iya, nan ne dabarar ta ke. Mutanenmu in sun so gwada kansu, sai su faɗa ruwa su yi ta iyo har ƙarfi ya ƙare. Wannan ba horo ba ne, gama rabin tafiyar da gajiya a ke yinta, jiki kuwa abin da aka maimaita shi ya ke riƙewa, ko mai kyau ko mummuna. Tun wajen 1930 da 'yan kai wani malamin guje-guje na Jamus, Woldemar Gerschler, ya gyara hanyar yanka tafiya gunduwa gunduwa da hutu a tsakani, daga baya masu iyo suka ɗauka. Wanda ba ya iya mita 200 a jere yana iya mita 25 sau 8 in yana hutawa rabin minti a tsakani. Tafiyar ɗaya ce, amma kowane yanki da kyakkyawan salo aka yi shi, zuciya kuma ta yi aiki ba ta wahala ba.

Ga misalin horon safiya ɗaya ga mai matsakaicin hali. A tudu, minti 5 na tafiya da sauri da juya kafaɗu da wuya a hankali, don jini ya motsa. A ruwa, tsawon igiya sau 4 sannu sannu. Sa'an nan sau 4 riƙe da gora, ƙafa kaɗai ke aiki. Sa'an nan babban aiki, sau 8 da ɗan ƙarfi, ana hutawa daƙiƙa 30 a tsakani. In ba agogo, numfashi 10 masu tsawo sun yi kusa da haka. Daga nan kwanciyar rigingine ta minti ɗaya, sau 2. A rufe da sau 2 a hankali ƙwarai. Duka tsawon igiya 18 ke nan, watau mita 450, ba ya wuce minti 40. Da ya ke ruwan gulbi tafiya ya ke yi, gangara ta fi hawa sauƙi, don haka a riƙa ƙidaya zuwa da komowa tare.

Yaya mutum zai san ƙarfin da ya dace? In ya tsaya a turke yana iya magana jimla guda ba tare da yankewa ba, daidai ya ke. In kalma ɗaya ɗaya ta ke fita, ya wuce gona da iri, ya ƙara hutu. In ya ji ciwo a ƙirji, ko jiri, ko zuciya tana tsalle ba bisa ƙa'ida ba, ya fita nan take, a kai shi asibiti. Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi: mutum ya ƙidaya bugun hannu nawa ya ke yi daga turke zuwa turke. In bana 30 ne, bayan wata biyu ya koma 24, ya ci gaba ko da saurinsa bai ƙaru ba. In kuwa cikin horo ya ga ƙidayar tana hauhawa, gajiya ta shigo, lokacin tsayawa ya yi.

Sau 3 a mako ya isa, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Sau 3 na rabin sa'a ya fi sau ɗaya na sa'a biyu nesa ba kusa ba. In za a ƙara, abu ɗaya a ke taɓawa: ko a ƙara yawan zuwa, ko a rage hutu, ko a tsawaita tafiya, ba duka a mako ɗaya ba. Bayan mako uku na ƙari, a sassauta a na huɗu. Mai shekara 55 zuwa sama ya fi bukatar doguwar shimfiɗa kafin babban aiki, da gajeren aiki mai ƙarfi, da hutu mai yawa. Ran da aka wuni ana huɗa ko yankan shinkafa, kafaɗa ta riga ta karɓi rabonta, kada a ƙara mata.

A kasa mutane bisa ga iyawarsu, ba bisa ga shekaru ko muƙami ba. Wannan yana da wuya a ƙasar da ƙane ba ya shiga gaban wa, amma malami mai hikima ya san yadda zai yi. Ba ya gyara wa dattijo a gaban 'ya'yan cikinsa. Sai ya matso ya ce, "Baba, a gwada sa kunne cikin ruwa a gani," gyara ɗaya tak, sauran sai gobe.

Shekara ma a kan raba ta. Bayan kaka, in ruwa ya janye ya kwanta, a fara da numfashi da gyaran salo. Da hunturu ruwa ya kan yi sanyi ƙwarai, a gajarta, wanda ya fara makyarkyata ya fita ya shafe jiki ya sa tufa. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin babban aiki, a riƙa shan ruwa mai tsabta kafin a shiga da bayan an fito, gama mai iyo yana gumi ko da bai gani ba. Cikin watan azumi a kan dakata, ko a koma motsa jiki a tudu. In gulbi ya kawo da damina, an rufe makaranta ke nan. Ba a horo cikin ambaliya.

Masu nutso su kula da abu guda. Waɗansu su kan yi ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin su nutse, wai don su daɗe a ƙasa. Wannan yana kashe alamar da jiki ya kan bayar in iska ta kusa ƙarewa, sai mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji kome ba. Ya kashe gwanaye a tafkunan siminti ma. Gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba ta cikin horo.

RAN DA JIRGI YA JUYE

Ba wanda ya ke faɗawa gulbi da gajeren wando yana shirye. Saboda haka wanda ya ƙware, sau ɗaya a wata ya shiga filin igiya da tufafinsa na kasuwa, malami na tsaye kusa, ya ji yadda su ke. Tufa ba ta jan mutum ƙasa kamar dutse, amma tana ɗaure hannu da ƙafa, babbar riga kuwa ta kan rufe fuska. Ya koyi tuɓe ta da takalma yana kwance rigingine. Ya koyi kuma faɗawa ba shiri, ya taso, ya juya baya, ya huta har numfashi ya daidaita, kafin ya dubi inda gaɓa ta ke. Mintin farko shi ne mai kisa, gama a cikinsa a ke shaƙar ruwa.

Ba a faɗa da gulbi. Wanda ya nufi gaɓa kai tsaye yana yi wa ruwa gardama zai ƙare a tsakiya. A bi gangara ana karkata zuwa gaɓa kaɗan kaɗan, ko da za a fita nesa da mashigi. Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa duka in ya kife, wanda ya kama shi ya riƙe. Buhu da kuɗi da akuya, a bar su.

Ceto ma darasi ne. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, ya kan ƙanƙame duk wanda ya matso, ko ɗansa ne, su tafi tare. A fara da kururuwa, a miƙa sanda ko rawani, a jefa igiya ko jarka, a tafi da jirgi. Jarka mai cin lita 20, in an toshe bakinta, tana riƙe nauyin kusan kilo 20 a bisa ruwa, babban mutum kuwa ba ya bukatar ko rabin wannan domin kansa ya tsaya a sama. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, sai gwani, shi ma da abin da zai miƙa a hannunsa. In an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna cikinsa ko rataye shi kai ƙasa. A kwantad da shi, a hura masa iska ta baki, a danna ƙirji, a aika neman mota. Ma'aikatan lafiya da ƙungiyar Red Cross suna koyad da wannan, ya kamata malamin iyo ya koya a hannunsu. Ko mutum ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu ya kan tayad da ciwo bayan sa'o'i.

Mata suna cikin jirgin kasuwa kamar maza, sau da yawa da goyo, su ne kuwa aka fi bari a baya wajen koyo. Gyaran wannan ba ya bukatar a keta al'ada. A keɓe musu wuri da lokaci, a kewaye da zana, a horad da mata biyu ko uku daga gidajen masunta su zama malamai. Wadda ta iya numfashi da kwanciyar rigingine da riƙe jarka ta sami rabin abin da a ke nema.

A Argungu, can ƙasa inda gulaben nan suka riga suka haɗu, bikin kamun kifi da aka fara a 1934 yana da wasannin ruwa da a ke kira kabanci, har da tseren iyo da na kwalekwale. Ƙaramar gasa irin wannan a ƙarshen bazara, cikin filin igiya, kowa da sa'ansa shekara biyar biyar ko goma goma, za ta sa mutane su dinga zuwa horo. Abin da ƙungiya ta ke bukata kafin ta fara bai taka kara ya karya ba: iznin hakimi ko dagaci, da shawarar sarkin ruwa, da igiya, da jarkoki, da doguwar sanda, da littafi guda. A cikinsa a ke rubuta sunan kowa sa'ad da ya shiga ruwa, a soke sa'ad da ya fito. Kowane mai iyo da abokinsa wanda ya ke lura da shi, mutum ɗaya kuma ya tsaya a gaɓa riƙe da igiya, ba ya iyo, ba ya hira, har na ƙarshe ya fito.